Jinin da Ba Ya Gudaji

Shekarar da aka yanke mana jiha daga Sakkwato, malamai da yawa suka tattara nasu ya nasu suka koma can ɓangarensu. Sakandaren da nake koyarwa a Jega ta wayi gari ba mai koyar da bayoloji, ba mai koyar da lissafi a manyan azuzuwa. Ni kemistiri na karanta. Shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya turo mini littattafai biyu, ya ce in riƙe kafin a aiko da wasu. Aka daɗe ba a aiko da kowa ba.

Akwai wata kalmar Turanci da nake cin karo da ita a duka darussan uku, kowanne da abin da yake nufi da ita. A bayoloji ita ce dangantakar da ke sa a ce akuya da tunkiya tushensu ɗaya. A kemistiri ita ce ƙarfin da wani abu ke kama wani da shi ya ƙi saki, kamar yadda gishiri ke jawo laima da damina. A lissafi kuwa ita ce kamannin da ke saura bayan an ja siffa an karkata ta, kamar hasken taga a daɓen aji da yamma: ya miƙe ya karkace, amma layukan da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba su haɗe ba. Nakan ce wa ɗalibai jituwa, don ban samu kalmar da ta fi ta ba. Ina koyar da ita da safe, in koma gida da rana in tarar da abin da ya fi ƙarfin karatuna.

Matata 'yar kawuna ce, ƙanin Inna mahaifiyata. A Birnin Malam aka haife mu duka, Inna ce kuma ta ƙulla auren da kanta. Kowa ya yi murna, ana ta cewa jini ɗaya ne, babu bare a ciki. Haihuwar fari ta zo lafiya, mace, mai ƙiba da kuka. Ta biyu namiji ne. An haife shi da hantsi yana motsi kamar kowane jariri, amma kafin rana ta sake fitowa idonsa ya yi ɗorawa, tafin hannunsa ma haka. Tsofaffi suka ce shawara ce, aka jiƙa saiwar rawaya ana ɗiga masa. Ya daina kama nono, yana wani irin kuka siriri, yana bankarewa ta baya. Bai kai suna ba. Na uku ma namiji, shi ko kwanakin ɗan'uwansa bai samu ba. Ni na ɗauki kowannensu a hannuna zuwa maƙabarta, a naɗe cikin ƙyallen da bai kai mayafin yarinya ba.

Daga nan aka fara kiran matata da mai wabi, wato wadda 'ya'yanta ke zuwa suna komawa. Ba a gabanta ake faɗa ba, amma tana ji. Wasu suka ce in ta sake haihuwa a yi wa jaririn tsaga a fuska, wasu suka ce a ajiye shi bisa juji wata tsohuwa ta ɗauko, don abin da ke ɗauke su ya raina shi ya bar shi. Inna kuwa, duk zuwan da zan yi Birnin Malam sai ta zaunar da ni. Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗanta na fari, ni kaɗai ne kuma ta raya.

"Kai, ba cewa nika yi ka sake ta ba, ɗiyar ƙanena ta. Amma ka ƙara aure. Gida ba ya tsayuwa da ɗiya mace guda."

Nakan ce to, in tashi in hau babur ɗina.

Akwai wani abokina tun makarantar kwana da ke aikin gwajin jini a wani asibiti a Jega. Da matata ta sake samun ciki, ba da shirinmu ba, shi na fara gaya wa, don na rasa wanda zan gaya wa. Ya ce in kawo ta, ni ma in zo. Ya soki yatsana ya ɗiga jinin a kan wani farin faranti, ya soki nata ya ɗiga a gefe. Ya ɗauko wata 'yar kwalba daga firji ya sa wa kowanne ɗigo guda, ya gauraya da tsinke, yana karkata farantin a hankali. Nawa ya tsinke ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya kwana a zafi. Nata ya tsaya sumul, ja wur.

"Kai kana da wani abu a jikin ƙwayoyin jininka, ita ba ta da shi," in ji shi. "Mafi yawan mutane irinka ne. Irinta ƙalilan ne ƙwarai. Ku tafi Sakkwato, wannan ya fi ƙarfin nan."

Likitan da muka gani a babban asibiti a Sakkwato mutumin Kudu ne, yana jin Hausa kaɗan. Da ya ji ni malamin kimiyya ne sai ya juya Turanci. Ya ce 'yarmu ta fari ta gaji irin jinina. Ranar haihuwarta ɗan jininta ya shiga jikin uwar, jikin uwar ya ɗauke shi baƙo, ya haɗa masa maƙasa ya ajiye. Duk cikin da ya biyo baya, in jaririn ya ɗauko irin jinina, maƙasan nan sukan ratsa ta mabiyiya su kama ƙwayoyin jininsa su farfasa. Ragowar abin da ya fashe shi ke rina yaro ɗorawa, in ya yi yawa ya hau ƙwaƙwalwa. Da yake bayanin yadda suke kama ƙwayoyin su ƙi saki, sai ya yi amfani da kalmar nan tawa ta aji, ya ce ƙarfin kamun yana ƙaruwa da kowane ciki.

Na tambaye shi magani. Ya ce akwai allurar da ake yi wa uwa bayan haihuwar fari, amma lokacinta ya wuce mu. Abin da ya rage shi ne ta haihu a hannunsu, da zarar yaro ya faɗo a riƙa zuƙe jininsa kaɗan-kaɗan ta cibiya ana mayar masa da wani, irin na uwar, wanda maƙasan ba su san shi ba. Ba su da irin wannan jini a ajiye, kuma sabo ake so. Ya ce in nemo mutum mai lafiya mai irin jinin matata, in san inda yake kwana.

A mota muna dawowa matata ta tambaye ni abin da ya ce. Na yi ta kewaye-kewaye. Ta ce, "Malam, hwaɗa mini gaskiya. Jinina na ka kashe su?"

Na ce ba haka ba ne. Na ce nawa ne da nata ba su jitu ba. Ta juya tana kallon gonakin da ke wucewa har Jega.

Na fara da dangi, don hankali ya ba ni cewa abin da ke jininta a gidansu ta samo shi. Na ɗauko yayanta, manomin albasa da ke zaune a Aliero. Jininsa ya yi gudaji. Na ɗauko ƙannenta maza biyu daga Birnin Malam, na je Liba na ɗauko 'ya'yan wata goggonta, na bi 'yan'uwana da muke uba ɗaya. Ina goya su a babur ɗaya bayan ɗaya, in tsaya a kan abokina ina kallon faranti. Kowane ɗigo sai ya ɗan tsaya kamar zai zauna lafiya, sannan in ga ya fara tsinkewa daga gefe.

Da dangi suka ƙare na koma kan abokan aiki, sannan maƙwabta, sannan masallacin unguwa. Ranar kasuwar Jega na shiga rumfunan 'yan hatsi da na mahauta ina roƙon mutanen da ko sunansu ban sani ba. Wasu suka bi ni don Allah. Wasu suka ce ba su ba da jininsu, ba su san inda za a kai shi ba. Lokacin ne aka fara jin labarin ƙanjamau a rediyo, mutane na tsoron allura, suna kuma tsoron a gwada a ce an ga wani abu. Wani dattijo mai sayar da gero ya dube ni da tausayi ya ce, "Malam, boko ya taɓa ka. Rai da ajali ba ga hwaranti suke ba." Na wuce rumfa ta gaba.

Ruwan 'yar kwalbar nan yana ta raguwa, kuma ba a samunsa sai an aika Sakkwato. Abokina ya ce in daina kawo masa tsofaffi da marasa jiki, ɗigon ba na wasa ba ne. A aji kuwa na zama wani iri. Ina tsaye ina rubutu a allo sai in tsinci kaina ina duban ɗaliban manyan aji ina auna wanda ya isa ba da jini. Cikin matata yana girma. Ta daina fita ko biki, ta daina ɗinka kayan jariri. Kayan na baya suna cikin kwalla a ƙarƙashin gado, ba ta buɗe ba.

Labari ya kai wa Inna cewa ina yawo kasuwa ina roƙon jini. Wata ranar kasuwa sai ga ta a motar 'yan ƙauye, ba ta ko sauka gidana ba, ta sa aka nuna mata asibitin. Ta same ni a bakin ɗakin gwaji.

"Kai, mi kaka yi haka? Ka soke dangi kakaf, yanzu ka koma ga mutanen kasuwa. Ana ta zancenmu."

Na fara yi mata bayani. Ta katse ni, ta miƙa wa abokina hannu.

"To ga nawa. Soka ka gani, in shi ad da saura, sai a huta."

Abokina ya dube ni. Na ɗaga masa kai, don ba ni da ƙarfin gardama. Ya soka, ya ɗiga, ya gauraya, ya karkata farantin. Muka jira. Ya sake karkatawa. Ya kai shi bakin taga ya duba da kyau. Jinin Inna ya tsaya sumul.

Ban san lokacin da na durƙusa na kama ƙafafunta ba. Ina cewa an samu, Inna, an samu. Abokina ne ya dafa kafaɗata. Ya ja kujera ya zaunar da ita, ya tambaye ta cikin ladabi haihuwarta nawa. Ta yi jim, don ba tambayar da ake yi wa babba ba ce a gaban ɗanta. Sannan ta ce shida. Ya ce nawa suka rayu. Ta nuna ni da haɓa. Ya ce sauran fa, yaya suka tafi?

"Shawara," in ji ta. "Biyu kuma ba su zo da rai ba."

Tun ina yaro na san ina da ƙannen da suka mutu. Ban taɓa tambayar yadda suka mutu ba, ba a kuma taɓa faɗa mini ba. Abokina ya ce jininta ba zai yi ba. Ko da shekarunta sun bari a ɗiba, irin maƙasan da ke jikin matata suna nan a nata, tun daga haihuwata. Sa wa jariri shi ƙara wuta ne.

Na goya Inna zuwa gida. Da muka shiga, matata ta taso da ƙyar za ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta riƙe ta ta hana. Suka zauna a tabarma ɗaya. Ina daga bakin ƙofa na ji Inna na cewa, "Ashe abin ga gidanmu shike. Ni na sha shi, ban san sunanai ba, kuma ni da hannuna na ɗauko ki na kawo ki cikinai." Matata ta ce, "Goggo, bari." Suka yi ta kuka su biyu. Inna ba ta koma Birnin Malam ba sai bayan haihuwa, kuma ba ta sake yi mini zancen ƙarin aure ba har ta bar duniya.

Abu ɗaya na samu daga gwajin Inna. Tunda ita ba ta da abin nan a jininta, to ni rabi na gada, daga wajen mahaifina kawai. Ke nan kowane ciki yana iya ɗauko irin nawa, yana iya ɗauko irin na uwarsa ya tsira ba tare da an taɓa shi ba. Na zana wannan a allo bayan an tashi, na tsaya ina kallo kamar ban taɓa koyar da shi ba. Rabi da rabi. Sai kuma in tuna uku sun zo a jere duk irin nawa, in ce to ai yanzu sai ɗayan. Na san sarai lissafi bai yarda da wannan ba, abin da ya wuce ba ya canza na gaba, na sha faɗa wa ɗalibai. Amma da shi nake samun runtsawa.

Yayan matata bai huta ba tun ranar da jininsa ya ƙi. Lokacin an fara cire albasa a Aliero, gari ya cika da 'yan dako da dillalai da manyan motoci masu jiran lodi zuwa Kurmi. Ya riƙa bin su ɗaya-ɗaya. Wata Asabar ya cika motar a-kori-kura da mutane ya kawo Jega, suna warin albasa da zufa, suna ta barkwanci. Cikinsu akwai wani direban babbar mota, baƙi, kakkaura, haƙoransa sun rine da goro. Ya ce shi rakiya ya yo, motarsa ba ta samu layi ba, zaman banza ya ishe shi. Shi ne na ƙarshe da aka soka, da ɗigon da ya kusa zama na ƙarshe a kwalbar.

Jininsa bai yi gudaji ba. Abokina ya sake gwadawa ta wata hanya, ya duba rukunin jinin, ya ce ya dace da na matata ta kowace fuska.

Direban ya tuntsire da dariya. "Duk taron ga ni kaɗai? Ashe ni ɗan sarauta na ban sani ba!" Da na yi masa bayani dariyar ta tsaya. Ya ce shi ma ya binne ɗa, ya san nauyin abin a hannu. Ya tambayi watan haihuwa, na faɗa masa. Ya ce zai yi sawu ɗaya ko biyu zuwa Kurmi, kafin watan ya kama yana gida, ba zai ƙara ɗaukar lodi ba sai an sauka lafiya. Ya nuna wa yayan matata gidansa. Ranar na ci abinci har na nemi ƙari.

Cikin bai jira watan ba. Ana tsakiyar zafin bazara matata ta ce motsin yaron ya ragu. Muka tafi Sakkwato da Inna. Likita ya auna ta ya ce ba za a jira ba, barinsa a ciki ya fi fito da shi haɗari. Ya ce ina mutumin nawa? Na ce yana Aliero. Ya ce in tafi yanzu.

Shekarun nan man fetur wahala yake, gidajen mai a rufe, sai 'yan bumburutu a bakin titi da galan. Na daɗe a tasha kafin mota ta cika, ta kuma tsaya a hanya neman mai. Da na isa Aliero na wuce gidan direban kai tsaye. Matarsa ta yi magana daga bayan ƙofa, ta ce ya tafi Kurmi da lodi, ana sa ransa tun shekaranjiya, shiru. Babu waya a lokacin, babu wanda za a tambaya sai direbobin da suka dawo. Na bi su a tasha. Wani ya ce ya gan shi can Kudu yana sauke kaya. Wani ya ce a'a, ya baro, ya wuce shi a hanya yana neman gas.

Na rasa inda zan sa kaina. In koma Sakkwato hannu wofi, ko in tsaya jira? Yayan matata ya ce shi zai tafi Sakkwato ya tsaya a kansu, ni in ɗauki babur ɗina a Jega in bi hanyar da motocin Kurmi ke dawowa. Na kwana Jega ban san na kwana ba. Da safe na tsaya a mahaɗar hanya ina tare duk babbar motar da ta fito daga kudu, ina kwatanta mutumin da motarsa. Rana ta take. Kafin azahar wani ɗan kamasho da ya sauko daga Sakkwato ya kawo mini saƙon baki daga yayan matata: an haihu tun jiya da yamma, namiji, irin jinina ne, ya fara rinewa, likita na tambaya.

Na zauna a kan dakalin wani mai shayi. Rabin nan da nake rayuwa a kansa ya tafi. Mai shayin ya miƙo mini ruwa, na sha, na tashi na buga babur na nufi Maiyama. Man da ke tankin ba zai kai ni ya dawo da ni ba, na sani, na tafi haka nan. Duk motar da na hango sai in rage gudu in leƙa fuskar direba. Ina tafe ina addu'a da ƙarfi kamar mahaukaci, ba na ma jin abin da nake cewa.

Gab da shiga Maiyama na ga manyan motoci uku a gefen titi ƙarƙashin itatuwa. Gas ya ƙare musu, sun aika a nemo. Ga direban nawa kwance a tabarma a ƙarƙashin motarsa, ya rufe fuska da hula. Na kira shi. Ya ɗaga hular ya gan ni, ya tashi zaune.

"Malam? Ba dai an haihu ba?"

Na ɗaga kai.

Ya jefa wa ɗaya daga cikin direbobin makulli ya ce ya kula da motar, ya zura takalmi ya hau bayana. Man ya ƙare mana kafin Jega. Muka tura babur ɗin cikin rana, shi da nauyin jikinsa yana haki yana cewa in bar shi ya tura, har muka samu mai galan a wani ƙauye. A Jega na jingina babur ɗin a rumfar mai shayin nan, muka tsaya a bakin hanya. Motar farko da ta zo a cike take. Direban ya san mai motar, ya leƙa ya yi magana da fasinjoji, ban ji abin da ya ce ba, sai na ga mutum biyu sun sauko da kayansu sun ba mu wuri.

Mun isa asibitin rana ta yi sanyi. Na ga ɗana a karon farko cikin wani ɗan gado ƙarƙashin fitila, tsirara, an rufe masa ido da auduga. Launinsa kamar an shafa masa gangamau. Yana irin kukan nan siriri da na sani. Likita ya ja direban suka shiga. Aka ɗebi jinin, aka yi gwaje-gwajen da za a yi, aka shiga da yaron wani ɗaki aka rufe.

Muka zauna a baranda, ni da Inna da yayan matata. Direban ya fito yana danne da auduga a hannu, aka ba shi shayi, ya zauna tare da mu ya ƙi tafiya. Yana ta ba mu labarin hanya, yadda albasa ke ruɓewa in mota ta kwana biyu a rana, yadda wani gari can Kurmi ba su san ana cin ganyenta ba. Ba wanda ke saurarensa, shi ma ya sani, amma bai yi shiru ba, na kuma gode masa da hakan. Da likita ya fito ya ce an gama, yaron yana numfashi, sauran sai a jira a gani. Ya ƙara da cewa abin ya hau sosai kafin a sauya jinin, ba zai yi mini alkawarin komai ba.

Yaron ya kama nono. Ɗorawar ta riƙa ja da baya daga ƙafafu zuwa fuska. A asibiti aka raɗa masa suna, muka yanka rago bayan mun dawo Jega. Direban ya zo da buhun albasa a kan kabu-kabu, ya ɗauki yaron ya daɗe yana kallonsa, ya ce wa matata ta bayan labule, "Ki riƙe mini shi da kyau, akwai kasona ciki." Ranar ce na fara jin dariyarta tun mutuwar na biyu.

Muka shiga damina yaro yana ƙiba, yana bin mutum da ido, yana murmushi. Wuyansa ya yi jinkirin tsayawa, muka ce don bai cika watanninsa ba ne. Wata rana da la'asar hadari ya haɗu, matata na tsakar gida tana kwashe shanya, ni ina riƙe da shi a bakin ɗaki. Aka yi wata tsawa da ta sa yayarsa ta ƙwalla ƙara ta ruga ta ƙanƙame ni, awaki suka watse. Shi yana kallon igiyar shanya da iska ke kaɗawa, ko ƙiftawa bai yi ba.

Na dubi matata, ita ma ni take kallo. Ta ajiye kayan, ta ɗauko murfin tukunya da ludayin ƙarfe, ta zagaya bayansa ta buga kusa da kunnensa. Bai juya ba. Ta sake bugawa, ta sake, har na riƙe hannunta. Ruwa ya sauko muna tsaye.

Mun koma Sakkwato, likita ya tabbatar da abin da muka riga muka sani. Ya ce shawarar ce ta taɓa jijiyar ji, ba ta gyaruwa. Na tambaye shi da an sauya jinin tun ranar haihuwa fa? Ya ce wataƙila, ba wanda zai iya cewa. Ya kuma ce kada matata ta sake ɗaukar ciki, na gaba ba lalle ya zo da rai ba. Muka bi maganarsa.

Na yi watanni ba na son komawa gida da an tashi makaranta. Inna ce ta fara yi masa magana da hannu, irin tata da ta ƙirƙira: ta taɓa baki in abinci ne, ta shafa haɓa in ni take nufi, ta dafa ƙirji in uwarsa ce. Yayarsa ta ɗauka, ta ƙara nata, sannan uwarsa. Ni ne na ƙarshe da na koya, kuma har yau sukan yi mini dariya wai hannuna yana da in'ina. Ya yi tafiya a makare, amma ya yi. Yanzu tela ne a Jega, yana da mata da 'ya'ya biyu. Kafin a ɗaura masa aure na kai yarinyar an soki yatsanta, iyayenta na ta mamakin wannan sabon sharaɗi, na ce su yi mini haƙuri.